Hasken Leza a Cikin Zoben Roba



Leza, wato hasken nan mai launi ɗaya tak, Theodore Maiman ne ya fara kunna ta a 1960, da dutsen yakutu. A 1996 masana a Kambirij suka samo ta daga wata irin roba. Yanzu har zobe ake ƙerawa, faɗinsa kamar kaurin silin gashi, haske yana ta kewayawa ciki yana ƙara ƙarfi. Ƙwayar cuta na sauka kansa, sai launin ya ɗan gota, na'ura ta gane.

To, mu masu shan ruwan rijiya a Shinkafi da Zurmi, ai zancen namu ne. Saboda haka muke roƙon Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda ta buɗe mana ɗakin gwajin haske.