Zaɓen Bututun Iska a Wurin Aiki: Jawabi Ga Masu Sana'a



Maganar da za mu yi yau a kan injin matse iska ne, watau kwamfaresa, musamman bututun da ke ɗaukar iskar daga tanki zuwa inda ake aiki. Sau da yawa mutum zai kashe kuɗi masu yawa ya sayi inji mai kyau, amma idan aka zo wajen bututu sai ya aika yaro kasuwa ya sayo wanda ya fi araha. Wannan kuskure ne, gama bututu shi ne ke ratsa wurin aiki ta bisa kawunan mutane. Idan ya yi kyau, aiki ya tafi daidai. Idan kuwa bai yi ba, yana iya cin kuɗi, yana iya cin ido, yana iya cin rai.

Da fari, lalle ne mu san bambancin iska da ruwa. Ruwa ba ya matsuwa sai ɗan kaɗan ƙwarai, saboda haka idan bututun ruwa ya fashe, sai ruwan ya tsiyaya, ƙarfinsa ya faɗi nan da nan. Iska kuwa tana matsuwa. Yawancin wuraren aiki suna amfani da iska mai ƙarfin bar 6 zuwa bar 8 a kan geji. A bar 7, wanda ya yi daidai da psi 100 ko sama kaɗan, iskar da za ta cika tanki takwas ce aka cusa cikin tanki ɗaya. Da zarar ta sami kafa, sai ta nemi komawa girmanta na asali cikin ƙiftawar ido, ta yi jifa da duk abin da ya tare ta.

Wannan ne dalilin gargaɗi mafi girma a jawabin nan: kada a yi amfani da bututun roba na PVC, irin wanda ake jan ruwa da shi, wajen ɗaukar matsattsiyar iska. Idan ya fashe, ba tsagewa yake yi ba, tarwatsewa yake yi kamar kwalba, tsinin gutsattsarinsa ya watsu ko'ina. Wani zai ce ai an rubuta a jikinsa cewa yana ɗaukar bar 10. To, wannan adadi na ruwa ne, kuma an auna shi a wajen digiri 20 zuwa 23 na ma'aunin zafi. Idan zafi ya kai digiri 43, kamar yadda yakan yi a Sakkwato da Maiduguri cikin watan Afrilu, ƙarfin bututun yakan ragu da kusan rabi. A digiri 60 kuwa, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, alhali iskar da ke fitowa daga bakin inji ta fi haka zafi. Bugu da ƙari, hasken rana da wasu irin man inji suna sa robar ta bushe ta yi gautsi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar da sanarwar gargaɗi a kan wannan haɗari tun shekarar 1988. Akwai wasu bututan roba da aka ƙera musamman domin iska, amma kada a karɓi ko ɗaya sai maƙeransa sun rubuta a fili cewa na matsattsiyar iska ne.

To, wane iri ya kamata a saya? Baƙin bututun ƙarfe yana da ƙarfi, yana jure bugu da zafi, ana kuma samunsa a kowane gari. Aibinsa shi ne tsatsa, gama laima tana cinsa ta ciki, ɓawon tsatsar ya bi iska ya toshe kayan aiki. Farin bututun ƙarfe, watau wanda aka lulluɓe da tutiya, ya fi shi jure tsatsa, ko da yake idan ya tsufa rufin yakan ɓare ya bi iska shi ma. Duk wanda ya zaɓi ɗayan waɗannan biyu, lalle ya sa matata a gaban kowane wurin aiki. Jan ƙarfe ba ya yin irin wannan tsatsa, cikinsa sumul ne, yana kuma taimakawa wajen huce iska, sai dai yana da tsada, kuma haɗa shi yana bukatar gwanin da ya iya liƙi da wuta. Bututun alminiyon na iska ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, ana haɗa shi da maɗaurai ba tare da walda ba, ana kuma iya kwance shi a ƙara tsawo idan aiki ya bunƙasa. Mai fenti, wanda ƙwayar tsatsa guda ke iya ɓata masa aikin yini, ya fi kowa bukatar jan ƙarfe ko alminiyon. Mai faci ko bakanike kuwa, farin ƙarfe da matata mai kyau za su ishe shi.

Abu na biyu shi ne faɗin bututu. Yayin da iska ke gudu tana gogar jikin bututun, ƙarfinta yana raguwa, kuma ƙuncin bututu shi ne babban abin da ke jawo haka. Idan aka ninka faɗin bututu sau biyu, asarar ƙarfin takan ragu kusan sau 30. Saboda haka a ƙaramin wurin aiki, babban layi kada ya gaza inci uku bisa huɗu, inci 1 ma ya fi idan layin yana da tsawo, sa'an nan rassan da ke saukowa su zama rabin inci. A rage yawan kwana, gama kowace kwana tana cin ƙarfi kamar an ƙara tsawon bututu. Doguwar mesa siririya ita ma haka take, a gajarta ta gwargwadon iko. Yawancin kayan aiki masu amfani da iska an ƙera su ne domin su yi aiki a wajen bar 6. Idan abin da ke isa gare su bai kai haka ba, sai ma'aikaci ya je ya ƙara wa inji ƙarfi, alhali kowane bar 1 da aka ƙara yana ƙara cin lantarki ko man janareta da wajen kashi 7 cikin 100. Kun ga ke nan araha ba ta ado: abin da aka rage ranar saye, ana biyansa kowane wata.

Abu na uku shi ne ruwa. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da laima, idan aka matse ta kuma ta huce sai laimar ta zama ruwa. Injin da ke zuƙar lita 1,000 ta iska a minti ɗaya, a rana mai laima irin ta damina a Legas ko Fatakwal, yana iya tara kusan lita 10 ta ruwa cikin awa 8. A arewa abin yakan yi sauƙi da hunturu, amma da damina kowa yana fama da shi. Maganinsa yana cikin yadda aka shimfiɗa bututun. A karkata babban layi kaɗan, santimita 1 a kowace mita 1, ya gangara ta inda iska ke nufa, a sa famfon zubar da ruwa a ƙarshensa. Kowane reshe a ɗauko shi daga saman babban layi, a lanƙwaso shi ya sauko, domin ruwan da ke kwance a ƙasan bututu kada ya bi shi. A ƙasan kowane reshe a bar ɗan guntun bututu mai famfo inda ruwa zai taru. Inda wurin yake da faɗi, a kewaya layin ya dawo ya haɗu da mafarinsa, ta yadda iska za ta isa kowane wuri ta hanya biyu. Tsakanin inji da bututun ƙarfe kuma a sa gajeriyar mesa mai jure zafi, domin girgizar inji kada ta kwance mahaɗai.

Bayan an gama, sai kulawa. A zubar da ruwan tanki kowace rana. A shafa ruwan sabulu a kan mahaɗai, inda ya yi kumfa nan ne iska ke zurarewa. Kada a raina ƙaramar kafa, gama huda mai faɗin milimita 3 a bar 7 tana zubar da fiye da lita 600 ta iska a minti ɗaya. Kada kuma wani ya kwance mahaɗi sai an kashe inji, an saki iska, allurar geji ta koma sifiri. Har wa yau, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta cewa tankin iska ya kasance da bawul na kariya, da geji, da hanyar zubar da ruwa, a kuma rubuta iyakar ƙarfin da zai ɗauka a jikinsa.

Jama'a, tun ran gini ake zane. Wanda zai kafa sabon wurin aiki, ya yi wannan lissafi kafin ya je kasuwa. Wanda kuma yake da bututun PVC a layin iskarsa yanzu, muna roƙonsa ya saki iskar, ya sauke shi, ya sa na ƙarfe tun kafin wani abu ya faru. Yaran da ke koyon sana'a a hannunku amana ce iyayensu suka ba ku, haƙƙi ne a kanku su koma gida da idanunsu da yatsunsu lafiya. Muna fata kowa zai isar da wannan saƙo ga abokan sana'arsa da ba su sami halarta ba.

 Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kiyaye mu daga haɗari.