Jawabi kan aikin masu bin sawun annoba a jahar Damagaram



Likita majinyaci ɗaya yake dubawa. Mu kuwa jaha guda muke aunawa, kuma ma'auninmu ƙidaya ce. Kowane mako asibitocin Magarya, Matamaye, Mirriya da Dungas suna aiko da adadin waɗanda suka zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, mu kwatanta shi da yawan jama'ar wurin. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, in aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, gargaɗi ne. In suka kai 10, annobar sanƙarau ce.

Daga nan sai a ɗebi ruwan ƙashin bayan majinyaci a aika cibiyar CERMES ta Yamai, don ƙwayar ba iri ɗaya ba ce. Allurar MenAfriVac da aka soma a 2010 ta karya lagon nau'in A, sai ga nau'in C ya addabi Yamai a 2015. Shi ne kuma ya fi yawa a annobar da ta kama mutum 559 a jaharmu tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023, aka rasa 18. A lokacin an same shi a Jigawa ma. Ku fatake kun fi kowa sanin hanyar nan, kuma cuta ba ta tsayawa a duwan a buga mata hatimi.

Ƴan kasuwa, ku tuna da 1995: ana tsakiyar babbar annoba aka yi wa dubban ƴan Nijar allurar jabu, har sai da ma'aikatan ƙungiyar MSF suka gano. Kada a sayi allurar rigakafi a rumfa, komai arharta.

Ku kuma ma'aikata, roƙona ya fi nauyi. Na san tsoron da ke sa a danne takarda a aljihun tebur: kada a ce gari ya ɓaci, kada a rufe kasuwa, kada maigida ya ji kunya gabanin zaɓe. Amma a hunturu, ana ƙura, jinkirin mako biyu ya isa cutar ta riga allura isa ƙauyuka. Ko makon da ba a ga kowa ba, a rubuta sifili a aiko, don mu bambance asibitin da ke lafiya da wanda malaminsa ya tafi biki.