Ba kowane taɓin hankali ne aikin iska ba

Jawabi don karantawa a cibiyoyin yaƙi da jahilci

Maganar yau ta shafi wata cuta ta ƙwaƙwalwa wadda ke kama da hauka, alhali kuwa tana da magani a asibiti. Ba ta da yawa cikin mutane. Amma gidan da ta shiga, in ba a gane ta ba, ana iya rasa rai.

Ga yadda take

Allah ya sa wa ɗan Adam dakaru cikin jininsa. Aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Su ne ke ƙaruwa in an yi wa yaro allurar rigakafi. Ita kuma ƙwaƙwalwa cike take da ƙananan jijiyoyi masu aika wa juna saƙo. Kowace jijiya tana da ƴan ƙofofi inda saƙon ke shiga. Ta nan mutum ke tunani, yana magana, yana tuna abin da ya wuce.

Wani lokaci dakarun jini sukan ɓata hanya. Sai su faɗa wa waɗannan ƙofofi, kamar karen gida da ya juya ya ciji maigidansa. Ƙofofin su ragu, saƙo ya daina wucewa daidai, ƙwaƙwalwa ta rikice. Likitoci suna kiran irin ƙofar da aka fi taɓawa NMDA.

Wani likita mutumen ƙasar Sifen, Josep Dalmau, shi da abokan aikinsa suka bayyana sanadin cutar a shekarar 2007, a birnin Filadelfiya ta Amurka. Kafin nan ana ganin masu ita, amma ba a san abin da ke damunsu ba.

Wa take kamawa?

Ta fi kama yara da matasa. Cikin mutum 5 masu ita, wajen 4 mata ne. Ga ƴan mata da yawa, tushen abin wani ƙari ne da ke fitowa a ma'ajiyar ƙwan haihuwa. Cikin ƙarin akwai tsoka mai kama da ta ƙwaƙwalwa. Dakarun jini su far wa ƙarin, daga nan su zarce ga ƙwaƙwalwar kanta. Wasu kuwa ba a samun ƙari gare su.

Cutar ba ta yaɗuwa. Ba a ɗaukarta wajen cin tuwo kwano guda, ko wajen kwana ɗaki guda. Mai jinya kada ya ji tsoro.

Alamominta

Sau da yawa takan fara da ciwon kai da masassara. Bayan ƴan kwanaki sai hali ya sake. Yarinya mai kunya ta koma faɗa da zage-zage. Ba ta barci. Tana tsorata ba dalili, tana jin muryoyi, tana ganin abin da babu. In abin ya yi gaba, magana ta ragu ko ta ɗauke. Ta riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Baki da harshe suna motsi su kaɗai, kamar tana tauna. Daga ƙarshe numfashi na iya rauni, ta suma. Duk wannan cikin ƴan makonni ne, ga mutumin da bai taɓa yin haka ba.

A nan ne iyaye ke ruɗewa. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu ne na kishiya. A sai da akuya, a sai da hatsi, a yi ta yawo gari gari. Kwanaki suna wucewa, ciwo yana ƙara cin ƙwaƙwalwa.

Abin da ya kamata a yi

In taɓin hankali ya zo wa yaro ko matashi kwatsam, tare da masassara, ko faɗuwa, ko motsin baki, a kai shi gidan likita ranar nan. Kada a buge shi. Kada a sa shi a mari. In ya faɗi yana jijjiga, a kwantar da shi bisa gefensa, kada a sa masa komai a baki. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su biyu.

Ma'aikacin lafiya zai fara duba cututtukan da aka sani, kamar sanƙarau da masassarar cizon sauro mai hawa kai, don su ma suna rikita hankali, kuma suna kisa da gaugawa. In ba su ba ne, sai a tura marar lafiya babban asibiti, kamar na Maraɗi, Damagaram ko Yamai. Can ana ɗibar ruwan baya da allura, kamar yadda ake yi lokacin sanƙarau. Gwajin da ke nuna dakarun nan ba kowane asibiti ke yinsa ba, amma likita yana iya fara magani bisa alamomin da ya gani. In mace ce, a ɗauki hoton cikinta. In akwai ƙari, a yi aiki a fid da shi. Ana kuma ba da magungunan da ke kwantar da dakarun jini.

Ana warkewa?

Ana warkewa. A shekarar 2013 likitoci sun fid da binciken da suka yi bisa mutum 577 masu cutar. Bayan shekara 2, wajen 8 cikin 10 sun samu sauƙi sosai. Waɗanda aka fara wa magani da wuri su suka fi samun sauƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai sauƙin yana zuwa sannu sannu, wata da watanni. Mantuwa da saurin fushi sukan daɗe. Wani lokaci ciwon yakan dawo, saboda haka kada a fasa komawa ganin likita.

Yarinyar da ta warke, kada a riƙa kiranta mahaukaciya. Ciwo ta yi, kamar kowane ciwo. Tana iya komawa karatu, tana iya aure, tana iya riƙon gidanta.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya, amin.