Firinta a Gida: Riba ko Wahala?

Duk wanda ya ajiye firinta a gida ya san halinta. Ranar da yaro zai kai takardar JAMB, ranar ce za ta ce tawada ta ƙare, ko ta cije takarda ta ƙi saki.

Ba tsautsayi ba ne, tsarin kasuwar ke nan. Kamfanoni irin su HP da Canon kan sayar da na'urar da araha, sannan su fanshe a kuɗin tawada. Wasu ma har guntun lantarki suke maƙala wa kwalbar, don na'urar ta ƙi karɓar ta wani kamfani. Ga zafinmu da ƙurar hunturu: in ta yi makonni ba a taɓa ta ba, tawadar ta bushe ta toshe bakin. Ba a ma zo maganar wuta ba.

Mai buga takardu kullum, ya nemi ta leza, wadda ke aiki da garin tona, wanda ba ya bushewa. Amma mai shafi biyar a wata, malam, tura takardarka ta WhatsApp zuwa shagon kwamfuta na bakin titi, ka biya kuɗin shafi, ka bar mai shago da ciwon kan gyara.