Darasin da ke Cikin Harshen Kyandir: Jawabi a Taron Reshe



Mun daɗe muna kukan rashin ɗakin gwaje-gwaje a makarantunmu na firamare, kuma kukan yana bisa hanya. To amma kafin a share mana hawaye, akwai abin da za mu iya. A shekarar 1860, a birnin Landan, Michael Faraday ya yi wa yara laccoci shida a kan kyandir guda.

Ku dubi harshensa. Zafi ke narkar da kakin, lagwani ya zuƙo shi, ya zama tururi. Tururin na fitowa daga ciki, iskar oksijin na kutsowa daga waje, kuma inda suka gamu nan kaɗai wuta ke ci. Shi ya sa gindin lagwani ke da duhu, domin iska ba ta kai can ba. Hasken rawayan kuwa ƙwayoyin kunkunniya ne da zafi ya sa suke ƙyalli. Ku kara cokali a tsakiyar harshen, zai fito da baƙi, yara su gani da idonsu.

Murhun gas yana gauraya iskar gas da iska tun kafin su kama, saboda haka harshensa shuɗi ne. In ya koma rawaya, iska ta yi masa kaɗan, yana iya fitar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ko launi. Ita ce ke halaka masu kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

Yaron da ya fahimci wannan zai buɗe taga a gidansu. Allah Ya yi mana jagora.