Ƙashin Haɓa da Jinin da ke Bayansa



Tun daga 1965, lokacin da Farfesa Brånemark ya kafa wa majinyacinsa na farko turakun titaniyom na dashen haƙori a muƙamuƙin ƙasa a ƙasar Suwidin, likitocin haƙori suke kallon ƙashin haɓa a matsayin wurin da za a huda hankali kwance. Suna da hujja. Babbar jijiyar jinin da ke ciyar da haƙoran ƙasa tana shiga ƙashin ne daga can baya, ta bi ramin da ke cikinsa tare da jijiyar ji, sannan ta rabu biyu daura da ƙananan turame. Reshe ɗaya ya fito ta wata kafa zuwa leɓe da fatar haɓa, ɗayan kuma, siriri, ya zarce zuwa fiƙa da haƙoran gaba. Tsakanin kafar dama da ta hagu ƙashi ne mai ƙwari, ba wata babbar jijiya a ciki. Abin da nake so in tabbatar yau shi ne, an duba cikin ƙashin, an manta da bayansa.

Ta ɓangaren da ke fuskantar harshe, jijiyoyi biyu ne ke kawo jini. Ɗaya ta taso daga jijiyar harshe ta bi ƙarƙashinsa, ɗayar ta taso daga jijiyar fuska ta bi ƙarƙashin haɓa, kuma sukan haɗu ta cikin tsokar da ta shimfiɗe ƙasan baki. Rassansu suna kutsawa cikin ƙashin ta wasu ƙananan hudoji, kuma kusan kowane muƙamuƙi yana da aƙalla ɗaya a tsakiyarsa. Idan bakin mahudi ya karkata ya ɓulle ta baya, musamman daura da fiƙa, jijiyar da ta yanke takan ja da baya ta shige cikin nama, inda yatsa ba ya kai wa balle a danne ta. Naman ƙasan harshe kuwa sako-sako ne, kamar soso yake shan jini. Sai ya kumbura, ya ɗaga harshe sama, ya tura shi baya har ya toshe hanyar numfashi. Wani abin lura, sinadarin adirenalin da ke cikin allurar kashe zafi yana tsuke jijiyoyi, don haka idan ƙarfinsa ya gushe jinin kan iya ɓallewa bayan sa'o'i, majinyaci yana gida.

Za a ce abin ba ya yawan faruwa, kuma haka ne. Sai dai ba da yawan aukuwa kaɗai ake auna haɗari ba, har da abin da ake asara, a nan kuwa numfashi ne. Za a kuma ce hoton ƙashi na yau da kullum ya wadatar, na sikan kuma tsada gare shi. Hoton yau da kullum a shimfiɗe yake, tsawon ƙashi yake nunawa, ba ya nuna kaurinsa ko lotsawar bayansa. Tsofaffi marasa haƙora, waɗanda su ne suka fi neman dashe, ƙashinsu ya zaizaye har hudojin nan sun matso kusa da dasashi, kuma da yawan shekaru ƙashin yakan ƙara dogara ga jinin tantanin da ke lulluɓe da shi. Inda babu sikan, likita ya shafa bayan ƙashin da yatsa kafin ya huda, ya zaɓi gajeren turke, kuma ya san asibitin da zai buɗe hanyar numfashi idan harshe ya fara tasowa.