Aikin Gayya A Fagen Lissafi

Jama'a, wannan jawabi ya shafi malaman lissafi da ɗalibansu, da kuma iyayen da ke ɗauke da nauyin karatun. Manufarsa ita ce a bayyana yadda masana na ƙasashe dabam-dabam ke haɗa hannu ta intanet wajen gina manhajar aljabara ta kyauta, da yadda ɗan Nijeriya zai ci moriyarta.

Da fari dai, sunan aljabara ya samo asali ne daga littafin da Alkawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekara ta 820. A yau kwamfuta ma tana yin wannan aiki. In aka ba ƙaramin injin lissafi ɗaya bisa uku, sai ya nuna 0.333, ya yanke saura. Manhajar aljabara kuwa takan riƙe sulusi a matsayinsa na sulusi, ba ragi ba ƙari, ta kuma sarrafa haruffa irin su x da y kamar yadda malami ke yi a kan allo.

Waɗannan manhajoji kashi biyu ne. Akwai na sayarwa, kamar Mathematica da Maple, waɗanda ke da tsada, ba a kuwa buɗe wa mai saye dukan abin da ke cikinsu. To, ƙa'idar lissafi ita ce ba a karɓar amsa sai an ga hujja. Saboda haka wasu masana suka ga lalle a sami kashi na biyu, watau buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke da ikon karanta tsarinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Daga cikinsu akwai GAP, wadda aka fara a birnin Aachen na Jamus a 1986, da Maxima, wadda aka sami iznin sakinta ga jama'a a 1998. A 2005 wani malamin lissafi na Amurka, William Stein, ya fito da Sage, wadda ta tattara irin waɗannan wuri guda.

Amma duk da haka da sauran rina a kaba, domin manhajar tana da girma, girka ta kuwa yakan gagari mai ƙaramar kwamfuta. Wannan ya sa a 2013 Stein ya buɗe SageMathCloud, wadda aka sake wa suna CoCalc a 2017. Abin da ake yi wa laƙabi da gajimare ba wani abu ba ne illa manyan kwamfutoci da ke ajiye can nesa, ana aiki da su ta intanet. Su ke ɗaukar nauyin lissafin, ɗalibi kuma yana ganin sakamako a tasa na'urar. Mutum biyu ko fiye suna iya rubutu a shafi ɗaya a lokaci ɗaya, ko da wani yana Zariya wani yana Faransa. Har wa yau ana adana tarihin kowane gyara, in an yi kuskure sai a koma baya. Malami ma yana iya raba aikin gida, ya karɓa, ya duba, duk a can.

Gina ita kanta Sage aikin gayya ne. Tun 2023 ana gudanar da shi a dandalin GitHub. Duk wanda ya kawo gyara, ba a shigar da shi sai wani ya duba, an kuma jarraba an ga bai ɓata abin da ke aiki ba. Ba a hana kowa shiga, wanda ya gano kuskure ya ba da rahoto ma ya yi taimako.

Sai dai a yi hattara, kayan aro ba ya rufe katara. Manhajar kyauta ce, amma kwamfutocin na wasu ne, cikakken amfani da su sai an biya. In wuta ko intanet ta yanke, aiki ya tsaya. Don haka ana shawartar kowane ɗalibi ya riƙa sauke kwafin aikinsa ya adana, kada ya wayi gari wahalar shekara guda ta salwanta. Ana kuma kira ga sassan lissafi na jami'o'i da kwalejojin ilmi su girka manhajar a kwamfutocinsu, su koya wa ɗalibai amfani da ita, su kuma ƙarfafa musu gwiwar shiga gayyar, don kada a tsaya ga ci kawai ba a taya noma ba.